Ranar da Na Kankare Sunan Kande

Wata uku da saukata Landan na daina yarda da duk wanda ya yi mini murmushi. Mutumin da ya tarye ni a filin jirgi murmushi yake yi, haƙora fari tas. Matar da ke ofishin kamfanin kula da tsofaffi, wanda ya ɗauko ni daga gida, ita ma murmushi take yi duk Litinin in na je tambayar yaushe zan fara aiki, ta ce mini in dawo mako mai zuwa. Da wannan murmushin aka wayi gari an rufe ofishin, an cire allon sunansu. Bayan haka wasiƙa ta same ni cewa an karɓe lasisin kamfanin, ina da kwana sittin in sami wani mai aikin da zai tsaya mini a takarda, in ba haka ba in tattara in koma inda na fito.

Inda na fito ɗin kuwa ban bar komai ba. Sunana Sabi'u. Shekara goma sha tara na yi ina kanikanci a Ƙofar Ruwa, a Kano, har na kafa garejina na kaina. Shi na sayar, har da akwatin sifanonina, don in zo ƙasar Turawa in riƙa ɗaga tsofaffi daga kan gado. Matata Hauwa da 'ya'yanmu uku na bar su a gidan yayanta, kuma babu wanda bai sani ba a unguwa cewa Sabi'u ya tafi Ingila. In na tuna yadda zan sauka daga mota a bakin layinmu da jaka ɗaya, sai in ji abinci ya fita raina.

A unguwar Barking na zauna, a wani gida mai ɗakuna kamar akurki, inda mu shida muke layin banɗaki ɗaya. Ɗakin da ke kusa da nawa na Baba Issaka ne, wani dattijo ɗan zangon Kumasi wanda ya shekara talatin a Landan yana tuƙa motar raba kayan gyara ga gareji-gareji. Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa da komai "ya" ne a bakinsa. Ranar da ya fara ajiye mini kwanon shinkafa da wake a ƙofar ɗaki, sai da na bar abincin ya huce ina kallonsa, ina tunanin me wannan tsohon yake nema a wurina. Daga baya yunwa ta yanke hukunci. Ya yi haka ya fi sau goma bai taɓa roƙona ko cokali ba, amma ni ban daina jiran ranar da zai faɗi bukatarsa ba.

Na je wajen wani lauya a wajajen Charing Cross, a wani bene mai kafet mai taushi. Ya saurare ni minti goma, ya karkatar da kai cikin tausayi, ya maimaita mini abin da wasiƙar ta riga ta faɗa, da Turanci mai tsada. Da na fito na zauna a bakin kogi ina kallon jajayen bas suna wucewa. Wata ta tsaya kusa da ni, na ji belin injinta yana kuka, na san nan da mako guda zai tsinke. Ba wanda zan gaya wa. A nan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina, kuma ba wanda ya ko waiwayo.

Saura kwana goma sha bakwai Baba Issaka ya buga mini ƙofa.

"Ɗan Kano, tashi ka sa wando mai kyau. Akwai wani Bature a Abbey Wood, Derek, ya samu wani tsohon mota daga ƙasarku, ya ƙi tashi. Yana da licence na ɗaukan baƙo. Na ce masa ina da mutum."

"Baba, me zai ba ka in na samu?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Zai ba ni ciwon kai, kamar yadda kai kake ba ni. Shiga mota."

Garejin yana bayan layin jirgi, a ƙarshen wani lungu. Da muka shiga sai na ɗauka bola aka kawo ni. Tsofaffin akori-kura ne jere, na Amurka masu kumatu, na Faransa, na Japan, wasu ko gilashi babu. A Ƙofar Ruwa irinsu ake yankawa a sayar wa masu narka ƙarfe. A nan kuwa an shimfiɗa musu barguna, an kunna musu na'urar ɗumama ɗaki, alhali ni a Barking da jaket nake kwana. Baba Issaka ya ce yanzu abin ya zama yayi, samari masu gemu da 'yan kasuwa masu ƙiba kowa so yake ya mallaki tsohuwar akori-kura, jiragen ruwa sai kwaso su suke daga gonaki da ƙauyukan duniya, kuma mutum sai ya jira watanni kafin Derek ya taɓa tasa. Na ce to. A raina kuwa na ce ba mai hankalin da zai ɗauko ruɓaɓɓiyar mota daga wata nahiya don Allah da Annabi. Ko dai wani abu ake ɓoyowa a cikinsu, ko kuɗin haram ake wankewa.

Derek dogon tsoho ne mai guntun yatsa ɗaya, yana haɗiye rabin kowace kalma. Bai yi murmushi ba, bai tambaye ni lafiyar iyali ba. Ya ja ni can ƙurya ya yaye bargo, sai ga ta. Gabana ya faɗi kamar na haɗu da 'yar uwa a kasuwar baƙin gari. Akori-kura ce irin ta Faransa, wadda a kanta na koyi aiki, shuɗiya da ta koɗe ta koma kalar toka, da ƙarafan tamfol a baya da lambar tsohuwar jihar Kaduna. An ɗaure salansarta da waya, an yi wa ƙasan ƙofar direba faci da gwangwanin mai. A murfin baya akwai rubutun hannu da jan fenti wanda rana da tsatsa suka cinye, ba abin da ke karantuwa sai KANDE daga hagu da MOTA a can ƙarshe.

Ya ce zai gwada ni mako guda. In na tayar da injin kuma ya ga hannuna, zai cike mini takarda. Sannan ya ɗaga guntun yatsan nan ya ce, injin kawai. Kada in taɓa bodi, kada in goge, kada in kankare, kada in kusance ta da fenti. Ya maimaita har sau biyu kamar mai yi wa kurma magana.

Mako guda na gwaji! Na san wannan waƙar, an rera mini ita a ofishin mai murmushi. Za a tatse ni kwana bakwai, ranar ta takwas a ce sun gode. Duk da haka na karɓa, don ba ni da wata ƙofar.

Kwana biyun farko rabin hankalina yana kan injin, rabi yana kan bincike. In Derek ya fita sayen abinci sai in bi ƙofofin motar ina ƙwanƙwasawa, in leƙa ƙarƙashin kujera, in zura waya cikin tanki, ko zan ji inda aka cusa ƙwaya. Na riga na tsara abin a kaina: in 'yan sanda suka zo, wa za a nuna in ba baƙin da takardarsa ke shirin mutuwa ba? Ban sami komai ba sai ɓawon gyaɗa da wani tsohon carbi da ya maƙale a bayan sitiyari. Na nuna wa Derek carbin, ya ce in mayar da shi daidai inda na same shi. Wannan ma ya ƙara mini zargi.

Injin kuwa bai ba ni wuya ba. Derek ya yi wata biyu yana jiran wani sabon kafireto daga Faransa. Na kwance tsohon, na wanke shi da fetur, na busa ramukansa da bakina, na yanka gasket daga kwalin shayi. Ranar Alhamis na ce masa ya murɗa makulli, na ɗan doki sitata da sifana sau biyu, kamar yadda ake yi wa irinta. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Ƙarar nan tata mai kama da ana daka a turmi biyu ta cika garejin. Derek ya tsaya ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Good." Shi ke nan. Ya koma ya ci gaba da shan shayinsa.

Wannan kalma guda ita ta hana ni sukuni. Na ce lallai ya sami abin da yake so, yanzu sallama ta rage. Na kuma gano, a ganina, dalilin da ya sa ya hana ni taɓa bodi: kada mai motar ya ga hannuna ya san wa ya yi aikin, kuma shi ma cutar mai motar yake, ya karɓi aikin gyara ya mayar masa da tsatsarsa. A wurinmu ba a yin haka. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ko filogi aka kawo ka canza sai ya sa ka wanke motar, ka ɗaure abin da ya saki, ka shafe inda ya kwarzane, don mai ita ya san gidan mutunci ya kawo. Mota ta fita daga hannunka da tsatsa a fuskarta, kai aka zaga, ba ita ba.

Ranar Juma'a da yamma Derek ya miƙo mini makullin garejin, ya ce in buɗe gobe da safe, shi zai makara. Na duba kusurwoyi ina neman kyamarar da aka ɗana mini. Ban ga ko ɗaya ba. Sai na yanke shawara: zan yi aikin da ba mai iya ɓoye shi. In mai motar ya ga murfin bayan nan yana ƙyalli, shi da bakinsa zai ce a riƙe wannan mutumin.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar na fara. Na ɗauki samfefa na bi murfin daga hagu, tsatsa tana zuba kamar garin barkono. Jan rubutun ya bi ta. Na buga inda ya lotsa, na cike da fila, na goge har ya yi santsi kamar tafin jariri, na fesa fentin ƙasa mai ruwan toka. Wallahi aiki ya yi kyau. Har waƙa nake yi. Na kai rabi ke nan, KANDE ta tafi, MOTA tana jiran layinta, sai na ji an buɗe ƙofa.

Derek ne, da kofin shayi biyu a hannu, ɗaya nawa. Ya tsaya. Na ja da baya ina goge hannu don ya gani da kyau. Ya ajiye kofunan a ƙasa a hankali, ya zo ya durƙusa gaban murfin, ya daɗe yana kallon inda rubutun yake a da. Da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, yadda ba kalmar da ta wuce ni. Ya ce masu zuwa wurinsa ba sabuwar mota suke nema ba, sababbi sun cika titi. Tsatsar da facin da rubutun su ne abin da suke ƙauna, don su ne shaidar inda mota ta bi da hannuwan da suka taɓa ta. Ya ce wannan kuwa ba ta ɗan yayi ba ce. Ta wata mata ce, Zainab, 'yar ƙasarmu haifaffiyar Landan. Motar kakanta ce, da ita ya yi jigilar auduga a Funtuwa har ya ilimantar da mahaifinta ya zama likita. Yanzu likitan ya tsufa, ƙwaƙwalwarsa ta tafi, Turancin ma ya zube masa, ko 'yarsa ba ya ganewa. Ta sa aka ɗauko motar daga kangon gidansu ko zai gan ta ya tuna wani abu. Rubutun nan kuwa kakan ne ya yi shi da hannunsa.

"Gobe za ta kawo shi," in ji shi. "Kai za ka gaya mata, ba ni ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana shida ina neman ɓarawo a garejin nan, ashe ni ne zan yi ɓarnar. Kuma ba kayan Bature na lalata ba, hannun wani dattijo na goge, direba irin waɗanda suka ciyar da ni shekara goma sha tara.

Da na gaya wa Baba Issaka, sai da ya cire hularsa ya mayar.

"An ce kar ka taɓa, ka taɓa. Kai kowa ɓarawo ne a idonka, kai kaɗai ne mai gaskiya a London." Ya yi tsaki. "Gobe zan yi cancel na aikina. Ba a zuwa ban haƙuri babu babba a gaba. Matan nan in ya ga furfura, ko yaya zai ji kunya."

Ranar Lahadi da hantsi ya zo cikin babbar riga, da ƙullin goro da dabino a leda. Can wata baƙar mota ta tsaya, Zainab ta fito, mace mai kimanin shekara arba'in da mayafi a kafaɗa, ta turo mahaifinta a keken marasa lafiya. Tsoho ne fari siriri, an sa masa hula da safar hannu, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa.

Ta zagaya bayan motar ita kaɗai.

"Wa ya yi wannan?" Hausarta a ɗaure take, amma na ji ta sarai.

Baba Issaka ya matsa gaba ya fara, "Hajiya, don girman Allah, yaron nan baƙo ne, bai sani ba..."

"Na sani, Baba," na katse shi. "An gaya mini. Hajiya, ni ne. An hana ni, na ƙi ji. Na zaci ana cutarki ne."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta juya harshe zuwa Turanci. Ta ce kalma ɗaya ce a jikin motar nan take fata mahaifinta ya gani, sunan mahaifiyarsa, kuma ita na zaɓa na goge. Baba Issaka yana riƙe da ledar goronsa, ya rasa wa zai miƙa wa. A raina na fara lissafin kayan da za su shiga jakata.

Derek ne ya ce, tunda an zo, a tayar da ita. Ya shiga ya murɗa makulli, ta yi shiru. Na ɗauki sifana na doki sitata sau biyu. Ta yi tarinta, ta kama.

Tsohon ya ɗaga kai. Ya karkata kunne, leɓɓansa suna motsi. Sai ya ɗaga hannu yana nuna motar, Zainab ta tura shi a hankali, ya shafa ƙofar direba, ya shafa facin gwangwanin, ya bi ƙarafan tamfol da ido har suka kai baya. A nan ya cire safar hannunsa da kansa, ya ɗora tafinsa a kan fentina mai santsi.

"Wa ya goge sunan Inna?"

Muryarsa a sarari, Hausa tsantsa ta mutanen Funtuwa. Zainab ta toshe bakinta da mayafi. Na durƙusa a gabansa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai, ba ka da hankali? Baba zai yi faɗa. Maza mayar da shi kafin ya dawo daga masallaci."

Na dubi Zainab. Hawaye na zuba, ta gyaɗa mini kai. Derek ya riga ya tafi ya dawo da gwangwanin jan fenti da ƙaramin burushi.

"Ranka ya daɗe, me zan rubuta? Ya goge da yawa, ban ga farkonsa ba."

"Ba ka je makaranta ba?" Ya buga hannun kujerarsa. "Haƙurin Kande ya haifi mota. Shekara nawa tana tuyar ƙuli-ƙuli kafin a saye ta! Rubuta."

Ko Zainab ba ta taɓa sanin cikakken rubutun ba sai ranar. Ni kuwa bakanike ne, ban taɓa zama mai zane ba. Na tsoma burushi na fara, harafin farko ya fi na biyu girma, layin ya gangara ƙasa kamar mota a kan tudu ba birki, fenti ya ɗiga a ƙarƙashin sunan Kande. Da na haɗe da tsohuwar MOTA ta kakan, na ja da baya cike da kunya. A Ƙofar Ruwa da an yi mini dariya har shekara.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Yauwa. Haka yake. Baba ma bai iya ba."

Ya kama hannun 'yarsa ya ce mata ta shiga gaba, shi a baya zai zauna kan buhu. Bai kira sunanta ba, ban kuma ce ya warke ba, don kafin su tafi ya sake komawa shirunsa. Amma ta karɓi goron Baba Issaka da hannu biyu. Ni ba ta ce mini ta yafe ba, ta dai ce wa Derek kada a taɓa rubutun, a bar shi da ɗigonsa.

Da suka tafi na wanke burushi, na ajiye makullin garejin a kan tebur, na ɗauki jaket ɗina. Saura mini kwana goma. Na kai bakin ƙofa Derek ya kira ni. Fuskarsa a murtuke kamar kullum, ya turo mini makullin da guntun yatsansa.

"Litinin, ƙarfe takwas. Ka zo da fasfo ɗinka. Kuma in ka sake kusantar samfefa ba da izinina ba, da kaina zan kai ka filin jirgi."

A hanyarmu ta komawa Barking na ce wa Baba Issaka anya kuwa ba wata dabarar ba ce. Ya ce in na ƙara magana zai sauke ni a kan gada.

Ranar Litinin na je da fasfo, Derek ya cike takardar a gabana, yana tsaki a kan kowane shafi. Tun da na sauka a ƙasar nan shi ne mutum na farko da ya yi mini alkawari bai yi murmushi ba, kuma nasa ne kaɗai ya cika.